Bayani a kan Surayya da Dabaran: taron asali da taron ido

Ka sani, ya kai ɗalibi, malaman hisabi sun jera manzilolin wata 28 a takardunsu, da su suke gane shigar damina da kaka da ɗari. Da ido suka yi aiki, kuma a wurin ido duk taurarin da suka taru wuri ɗaya taro ne. Alhali taron iri biyu ne.

Na farko taron asali: taurarin da suka samu daga gajimare guda na iska da ƙura, suna kusa da juna, suna tafiya tare. Misalinsa Surayya, manzili na uku, wadda Hausawa ke kira kaza da ƴaƴanta. Ido yana ƙirga shida ko bakwai. A 1610 Galileo na Italiya ya dube ta da madubin hangen nesa, ya zana taurari 36. A 1767 John Michell na Ingila ya nuna da lissafi cewa da wuya a ce dace ne kawai ya tara su.

Na biyu taron ido: siffa ce da muke gani daga ƙasa, taurarinta kuwa wani yana kusa, wani can nesa. Dubi Dabaran, manzili na huɗu. Yana zaune kamar makiyayi cikin garken da Larabawa ke kira Ƙilas, wato ƴan taguwoyi. Garken taron asali ne, haskensa yana shekara kusan 150 kafin ya iso mu. Na Dabaran shekara 65 ne. Ashe ba ɗan garken ba ne, gabansa ya gitta.

Rarrabewar ta wahalar da masana. A 964 Abdurrahman as-Sufi, a littafinsa Suwarul Kawakib, ya ambaci wani ɗan taro kusa da taurarin Sahmu. A 1931 Per Collinder na Suwidin ya sa shi cikin jerin tarukan asali. Sai a 1998 awon kumbon Hipparcos ya tabbatar taron ido ne.

Fa'ida: wannan bai rushe lissafin manziloli ba, domin manomi lokacin fitowar tauraro yake nema. Amma in ka ga suna ɗaya a takarda, kada ka yanke cewa asali ɗaya ne. Zama inuwa ɗaya ba ya sa a zama ƴan gida ɗaya. Wallahu a'alamu.