Yadda Zariya Ta Buɗe Ƙofar Aikin Laburare

Matashin Batsari ko Safana da ke sha'awar aikin laburare a yau, hanyarsa a share take: ya gama sakandare, ya zana JAMB, ya nemi Zariya, Kano ko Katsina. A da ba haka abin yake ba.

Makarantar farko ta horar da ma'aikatan laburare a Najeriya a Ibadan aka kafa ta, ta fara ɗaukar ɗalibai a 1960 da tallafin gidauniyar Carnegie ta Amurka. Ibadan ta karkata ga masu digiri: sai ka karanci wani fanni, sannan ka zo ka ɗora difloma. A Arewa kuwa masu digirin tsiraru ne, gwamnati na rububinsu. Wa zai bar kujerar Di'o ya koma jera littattafai?

A 1963 wani masani daga Ostireliya, F. A. Sharr, ya rubuta rahoto kan buƙatun Arewa, ya ba da shawarar a buɗe makaranta a nan gida. A 1968 Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe sashenta, ta fara ba da digirin farko a fannin. An yi ta sukarta cewa ta zubar da darajar sana'ar. A ganina ta yi daidai: Bayero ta bi sahu a 1977, Maiduguri a 1978, daga baya Ibadan ɗin ma ta sauko.

Doka ta 12 ta 1995 ta kafa hukumar rajista, LRCN. Digiri a fannin take nema. Mai difloma zai iya samun aiki, amma a matakin mataimaki, sai ya koma aji kafin a yi masa rajista.