Daga Allon Katako Zuwa Allon Gilashi: Ina Littattafan da Yayyenmu Suka Karanta?

A farkon zangon karatun nan na raka 'yar yayata kantin littattafai na wata jami'a a Kano. Daga Kibiya ta zo, ita ce ta farko a ɗakinsu da ta samu gurbin karatun digiri, uwarta kuma ta haɗa mata kuɗi da sharaɗin a sayi abin da zai amfane ta. Muna shiga, abin da ya fara ɗaukar idonta shi ne wata durowar gilashi kusa da mai karɓar kuɗi, an jera kwamfutocin hannu masu siffar allo, waɗanda kowa ke kira tablet, kowace da caja a gefenta. Littattafan darasi suna jikin bango. Can ƙurya, a kanta ta ƙasa, na hango Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar. Na tambayi mai kantin ko yana da littattafan Bilkisu Funtuwa ko na Balaraba Ramat. Ya yi murmushi ya ce, "Yaya, ai waɗannan sai kasuwa. Ko kuma ta duba waya."

Amsar nan tasa ta taƙaita tarihin kusan shekara ɗari. Tun da aka fara buga ƙagaggen labari da Hausar boko, hanyoyi biyu littafi ke bi ya isa hannun mai karatu: ta makaranta da hukuma, da kuma ta kasuwa. Kantin jami'a ɗan hanyar farko ne. Littattafan da jama'a suka fi karantawa kuwa ta biyun suka bi, yanzu kuma sun koma cikin na'urar da ke durowar gilashin. Abin da wannan ƙaura ta jawo shi nake so mu duba.

Kafin boko

Rano tsohon gari ne, yana cikin Hausa Bakwai, kuma a labarin Bayajida ita da Kano ake kira sarakunan baba, saboda rini. A garuruwa irinta, da ƙauyukan da ke kewaye har zuwa Kibiya da Bunkure, karatu ya daɗe kafin zuwan Turawa. Yaro yana farawa da allon katako, da tawadar da aka haɗa a gida, da alƙalamin gamba. Malam ya rubuta masa, ya biya har ya hardace, sannan a wanke a rubuta na gaba. Allo wurin wucewa ne kawai. Ma'ajiyar ilimin ita ce ƙirjin ɗalibi.

Abin da ake son ya daɗe kuwa sai a sa shi a takarda. Takardar tana da tsada, domin daga Turai take zuwa ta Tarabulus, ta ratso Sahara a bayan raƙuma. Masu nazarin tsofaffin rubuce-rubuce sun san wadda ake yi a Italiya mai tambarin jinjirin wata uku, wadda aka rubuta littattafai da yawa na ƙasar Hausa a kanta a ƙarni na 19. Saboda tsadarta, abin da aka kwafa da hannu ana dunƙule shi a gafaka, ana gadonsa. Ke nan tun asali mutanenmu sun bambanta abin wankewa da abin ajiyewa.

Hanyar hukuma

A 1909 Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nasarawa. Makaranta kuwa tana bukatar abin karantawa. A 1933 Rupert East na Hukumar Talifi da ke Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Jiki Magayi na John Tafida da shi East ma na wannan zamanin ne. Magana Jari Ce ta fara fitowa a 1937, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. A shekarun 1950 hukumar NORLA ta buga littattafai masu yawa don shirin Yaƙi da Jahilci, kafin a rufe ta a 1959. A 1966 aka kafa kamfanin NNPC na Zariya, wanda ya gaji yawancin waɗannan littattafai.

Duk wanda ya lura zai ga abin da ya haɗa su. Hukuma ce ta nemi a rubuta su, ita ta buga, ita ta sa su a manhaja. Shi ya sa har yau suna kanta, ko da ta ƙasa ce. Littafin da ke cikin manhajar jarrabawa ba ya rasa mai saye, kamfani kuma ba ya fasa sake buga shi. Lokacin da Kwalejin Abdullahi Bayero ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, waɗannan su ne adabin da ɗalibin Hausa ke nazarta.

Hanyar kasuwa

A 1976 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE. Makarantu suka bazu har ƙauyuka, 'yan mata da yawa suka shiga aji. Bayan shekara goma sai ga dubban matasa sun iya karanta Hausa, ba su kuma da sabon abin karantawa. A daidai wannan lokaci tattalin arzikin Najeriya ya shiga matsi, darajar naira ta faɗi bayan shirin SAP na 1986, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka taƙaita ga littattafan makaranta.

Alamar abin da ke tafe ta bayyana tun 1980, da NNPC ta buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed. Daga tsakiyar shekarun 1980 marubuta suka daina jiran kamfani. Mutum ya rubuta, ya kai ƙaramar maɗaba'a a Kano, ya biya da kuɗinsa, ya kai wa dillalai. Talatu Wada Ahmed ta fitar da Rabin Raina. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, sannan Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? Ado Ahmad Gidan Dabino ya zo da In Da So Da Ƙauna, Bilkisu Ahmed Funtuwa da Allura Cikin Ruwa. Ƙungiyoyin marubuta irin su Raina Kama suka kafu, suna tallafa wa juna wajen bugu da rarrabawa.

Littattafan sirara ne, ana raba labari ɗaya kashi biyu ko uku don kuɗin kowane kashi ya yi daidai da aljihun ɗaliba ko matar aure. Yadda suke isa gari kamar Rano kuwa, ni ganau ce. Mai kayan koli ya sauko daga Kano ta Bunkure da su a cikin kwali, tare da turare da sarƙa. Akwai masu bayar da haya, ka karɓa yau ka mayar gobe ko jibi. A gidanmu yayata ce mai karantawa da ƙarfi bayan sallar isha'i, a gaban fitilar ƙwai, matan gidan da ba su yi boko ba suna kewaye da ita, suna gardama kan ko wance ta kyauta da ta ƙi zaɓin mahaifinta. Kwafi ɗaya yana zaga unguwa har bangonsa ya cire. Auren dole, kishiya, saki, karatun 'ya mace: a cikin waɗannan shafuka masu arha aka tattauna su a tsakar gida, tun kafin ƙungiyoyi su fara shirya musu taron bita a otal.

Jami'a ta ɗauki lokaci kafin ta yarda cewa wannan adabi ne. Farfesa Ibrahim Malumfashi ya kira shi Adabin Kasuwar Kano, yana sukar ingancinsa. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya kare shi, ya kuma shiga tattara littattafan. Muhawarar ta cika shafukan jaridu a shekarun 1990, har da su Yusuf Adamu da Ibrahim Sheme. Hukuma ma ta sa baki ta wata fuskar: an kafa Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano a 2001, a 2007 kuma aka ƙona wasu littattafan a wata makarantar 'yan mata a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Duk da haka a 2012 wani kamfani mai suna Blaft a birnin Chennai na Indiya ya buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne da Turanci. Mai karatu a Indiya ya samu littafin Balaraba a kanti, alhali ɗalibi a Kano sai ya je kasuwa.

Shigowar gilashi

Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001. Kamfanin Amazon ya fitar da Kindle a 2007, Apple ya fitar da iPad a 2010, bayansu kuma na'urorin Android masu sauƙin kuɗi suka cika kasuwar Farm Centre da titin Beirut a Kano. Gwamnatoci suka ga dama a ciki. A 2013 Jihar Osun ta raba wa ɗaliban babbar sakandare tablet mai suna Opon Imo, ma'ana allon ilimi da Yarbanci, cike da littattafan darasi da tsofaffin tambayoyin jarrabawa. Hukumar JAMB ta fara jarrabawa da kwamfuta a 2013, daga 2015 kuma ta koma kanta baki ɗaya. Tun daga nan yaron Kibiya da ke neman jami'a dole ya san yadda ake taɓa na'ura, ko da garinsu wutar lantarki ba ta zama.

Amfanin na'urar ga ɗalibi a fili yake. 'Yar yayata tana iya ɗaukar littattafan shekara huɗu a jaka ɗaya. Ɗalibin makarantar fasahar karkara ta Kwalejin Fasaha ta Jihar Kano da ke Rano yana iya samun littafin da babu shi a ɗakin karatun makarantarsa. Tun bayan da aka saki naira a 2023, kuɗin littafin da aka buga da takardar waje ya fi ƙarfin iyaye da yawa, don haka kwafin PDF ya zama mafita.

Marubutan hikaya sun riga jami'a isa can. Kamar yadda suka tsallake kamfanonin ɗab'i a shekarun 1980, haka suka tsallake maɗaba'a da dillali a shekarun 2010. Labari yana fita shafi-shafi a Facebook da Wattpad da zaurukan WhatsApp. Marubuciya ta saki farkon labari kyauta, wanda ke son ci gaba ya tura kuɗi ta banki ko katin waya a sa shi a zauren masu biya. Wasu ana karanta su da murya a YouTube, kamar yadda yayata ke yi a tsakar gida. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta nuna yawan matan da ke rubutu a wannan sabon fage.

Abin da ke salwanta

Matsala ta farko ta marubuci ce. A zamanin takarda, ko ɗan haya sai ya sayi kwafi kafin ya bayar. Yanzu mutum ɗaya ya biya, ya kwafe labarin ya watsa a zaure goma cikin minti ɗaya. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta yi tanadi kan satar fasaha ta intanet, amma marubuciyar da ke zaune a Rano ba ta da halin bin kowane zaure da lauya.

Ta biyu ta fi girma, domin ta shafi kowa. Dokar Ɗakin Karatu na Ƙasa ta wajabta wa mai buga littafi ya ajiye kwafi uku a can. Marubutan kasuwa da yawa ba su bi wannan hanya ba, amma aƙalla takarda tana da taurin rai: ana tsintar tsohon kwafi a ƙasan akwatin wata gwaggo. Labarin da aka rubuta a WhatsApp ba shi da akwati. Waya ta faɗa ruwa, ko a sace ta, ko a rufe zaure, shi ke nan. Manhajoji ma suna mutuwa. OkadaBooks, wadda aka kafa a 2013, marubutan Hausa kuma suka sa littattafansu a kanta, ta rufe a ƙarshen Nuwamban 2023. Mun koma zamanin allo ta wata fuska, ana rubutawa ana wankewa, sai dai wannan karon babu wanda ya hardace kafin a wanke.

Nan da shekara talatin, wanda zai rubuta tarihin yadda matan ƙasar Hausa suka yi tunani kan aure da kuɗi da ilimi a wannan zamani zai nemi waɗannan labarai, kamar yadda masu bincike ke neman littattafan 1990 a yau suna shan wahala. Aikin adana su bai fi ƙarfin cibiyoyin da muke da su ba. Cibiyar nazarin harsunan Najeriya ta Jami'ar Bayero, da Gidan Arewa na Kaduna, da Hukumar Ɗakunan Karatu ta Jihar Kano, suna iya karɓar kwafin kowane littafi daga marubucinsa da yardarsa, na takarda da na waya. Ƙungiyoyin marubuta suna iya mayar da shi sharaɗin zama mamba. Kantin jami'a kuma, tunda ya riga ya fara sayar da na'urar, yana iya kulla yarjejeniya da marubuta ya sayar da littattafansu a cikinta, kuɗin ya isa hannun mai shi. Mu ma da ke da tsofaffin kwafi a gida muna da namu rabon aikin.

A ƙarshe 'yar yayata ta sayi tablet ɗin, na ƙara mata da Magana Jari Ce na takarda. Da muka koma Kibiya na tambayi uwarta ina littattafan nan da take karanta mana. Ta ce wasu an ara ba a dawo da su ba, wasu gara ta cinye, sauran kuma an kunna wuta da su wata damina. Ta shiga ɗaki ta daɗe tana bincike, ta fito da guda ɗaya, kashi na biyu na wani labari, babu bango, babu sunan marubuci. Na sa shi a leda na taho da shi Kano, ina neman wanda zai gane min shi.