Daga Ɗakin Tsoffin Takardu na Fusɗaɗ Zuwa Cibiyar Bincike a Kambirij

Duk wanda ya yi karatu a tsangayar Borno ya san ba a jefa takarda mai ɗauke da sunan Allah a bola. Haka Yahudawan Masar ma suka riƙi abin. A majami'ar Ben Ezra da ke Fusɗaɗ, tsohuwar Alƙahira, an keɓe wani ɗaki can sama mai suna geniza, inda ake zura takardun da suka tsufa ta wata kafa a bango. An yi kusan shekara dubu ana zubawa. Kuma ba littattafan addini kaɗai ba: takardar aure, ta saki, lissafin bashin fatake, rubutun yaro mai koyon baƙi, duk can suka ƙare. Da yawansu Larabci ne da haruffan Ibrananci, ajaminsu ke nan. Garin ma ba baƙo ba ne ga mutanen tafkin Chadi, domin a nan alhazan Kanem suka ba da kuɗin gina makarantar Ibn Rashiƙ a ƙarni na 13.

A 1896 wasu tagwaye mata 'yan Sikotlan, Agnes Lewis da Margaret Gibson, suka dawo Kambirij da takardun da suka saya a Gabas ta Tsakiya. Suka nuna wa malamin adabin Yahudawa Solomon Schechter, ya gane cewa ɗaya warƙa ce daga littafin Ben Sira cikin Ibrananci, wanda aka yi ƙarnoni ana zaton ya salwanta. Abokinsa Charles Taylor ya ɗauki nauyin tafiya, Schechter ya isa Alƙahira a ƙarshen shekarar, shugabannin Yahudawan garin suka ba shi izini, ya yi makonni yana shaƙar ƙura yana cika buhuna. A 1898 aka miƙa kayan ga ɗakin karatun Jami'ar Kambirij. Da aka ƙirga daga baya, guntaye kusan 193,000 ne.

Sai dai kwasowa daban, adanawa daban. Schechter ya koma Amurka a 1902, masana suka tsinci abin da ya shafi nassi da fiƙihu, mafi yawan sauran kuma aka bar su cikin akwatuna shekara da shekaru, wasu ma ana kallonsu a matsayin shara. A ganina wannan sakacin ya fi labarin kwasowar cancantar a tsaya a kansa. Wanda ya nuna darajar "sharar" shi ne S. D. Goitein, wanda tun daga shekarun 1950 ya bi wasiƙun 'yan kasuwa da takardun kotu ya fito da rayuwar talakawan zamanin daular Faɗimiyawa: farashin burodi, kayan ɗakin amarya, kukan matar da mijinta ya tafi fatauci Indiya ya daɗe. Littafinsa ya fito a mujalladi 5 tsakanin 1967 da 1988.

Gyaran ya zo a 1973, da ɗakin karatun Kambirij ya ɗauki Stefan Reif aiki. A 1974 ya kafa sashen bincike mai ɗauke da sunan Taylor da Schechter, ya shiga neman tallafi ƙofa-ƙofa. Aikin na haƙuri ne. A warware guntun da ya dunƙule, a goge shi, a ba shi lamba, a saka shi cikin leda ta musamman, a ɗinke kewayensa don kada ya motsa. Cikin abin da ke wurin har da rubutun hannun babban malamin Yahudawa Musa bin Maimun, wanda ya rasu a 1204, ana ganin inda ya soke kalma ya sake wata. Reif ya riƙe sashen har 2006, Ben Outhwaite ya gaje shi.

Ba Kambirij kaɗai ta samu rabo ba, dillalai sun watsa guntayen zuwa ɗakunan karatu da dama. Shi ya sa shirin Friedberg, da aka fara a 1999, ya ɗauki hotunansu ya tara a intanet, har kwamfuta ke haɗa rabin wasiƙar da ke Ingila da ɗaya rabin da ke Amurka. A 2013 kuma Kambirij da Oksfod, tsofaffin kishiyoyi, suka haɗa fam miliyan 1.2 suka sayi tarin tagwayen nan, guntaye kusan 1,700.