Takardar Kaisar da Hadayar Mai Bi

A shekara ta 250 bayan haihuwar Almasihu, Kaisar Desiyus na Roma ya umarci kowa a daularsa ya miƙa hadaya ga gumaka a gaban hukuma, a ba shi takardar shaida. An tono irin waɗannan takardu fiye da 40 a Masar.

A idon sarauta, abin da aka nema bai taka kara ya karya ba: a zuba ɗan ruwan inabi, a ɗanɗana naman hadaya, mutum ya koma gida lafiya. Amma Fabiyan, bishop na Roma, ya ƙi, ya kuwa rasa ransa a watan Janairu na shekarar.

A Kartaj, cikin ƙasar Tunisiya ta yau, masu bi da yawa sun miƙa hadayar. Waɗansu kuma suka sayi takardar da kuɗi ba tare da sun kusanci bagade ba, suna zaton sun tsira da rai da bangaskiya duka. Da majalisar ikilisiya ta zauna a 251 ƙarƙashin Bishop Sifiriyan, sai ta ce su ma sai sun tuba, gama takardar ta yi musun Ubangiji a madadinsu.

Ka lura da wannan. Tun da Yesu ya miƙa kansa a kan gicciye, Allah ba ya neman jinin dabba a hannunka. Kai kanka yake nema, a ɓoye da a sarari. Baiko da zakka ba za su gamshe shi ba muddin sunanka yana kan takardar wani ubangiji.