Zamanin Faifai a Abuja: In Fim Ya Maƙale, Laifin Wa?

Yaran da suka taso da waya a hannu ba su san wahalar da iyayensu suka sha kafin su ga ƙarshen fim ba. Ni da na ci abinci da sana'ar gyaran rediyo da bidiyo a Nyanya, na san cewa mafi yawan abin da ke kawo mana mutane a zamanin faifai matsala ɗaya ce. Ana tsakiyar kallo hoto ya tsaya cak, fuskar jarumi ta farfashe ta koma 'yan dabbare-dabbare, murya ta kama in'ina, sai kuma shiru. Washegari da sassafe maigida ya rungumo na'ura ya dire mana a kan benci.

Lokacin da gwamnatin tarayya ta tare a Abuja, ranar 12 ga Disamba 1991, kaset ne ke sharafinsa. A kaset aka fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, a kaset Living in Bondage ya fito a Legas a 1992, haka ma Sangaya a ƙarshen shekarun 1990. Kaset yana da nasa ciwon kai: kan bidiyo ya yi datti, ko na'ura ta tauna zare. Amma ko ya tsufa hotonsa dusashewa yake yi, ya yi yayyafi, ka daure ka kai ƙarshe. Faifai ne ya zo mana da sabon hali, ko dai ya nuna tangaram ko ya cije.

A 1993 kamfanonin Philips da Sony da Matsushita da JVC suka amince da tsarin VCD. Turai da Amurka ba su karɓe shi sosai ba, amma ƙasar Sin ta rungume shi, masana'antunta suka yi ta ƙera na'urori masu arha, kuma su ne suka cika kasuwanninmu a farkon shekarun 2000. Fayafayan kuwa daga hanya biyu suke shigo mana. Finafinan kudu da na Amurka da na Sin daga kasuwar Alaba ta Legas, na Hausa da na Indiya daga Kano, musamman Ƙofar Wambai. Su sauka a kasuwar Wuse, daga nan su bazu zuwa Area 1, da tashar Jabi, da Kubwa, da Karu, da Mararaba, wasu a shago, wasu a baro, wasu shimfiɗe a kan buhu a bakin titi, rana tana gasa su tun daga hantsi har la'asar.

Abin da masu saye ba su sani ba shi ne, tun daga gini VCD ɗan maleji ne. Faifan waƙa aka ara aka ɗora masa hoto, don haka aka matse hoton ya koma ɗigo 352 a faɗi, 288 a tsaye, ana zuba shi kilobit 1,150 a kowace daƙiƙa, faifai ɗaya ya ɗauki minti 74 zuwa 80. Shi ya sa fim ɗin Indiya ke zuwa a faifai biyu ko uku. Sannan domin a sami wuri, an rage kariyar da ke gyara kuskure. Faifan kwamfuta yana ajiye bayit 2,048 a kowane sashe ya bar ragowar don gyara, shi kuwa VCD 2,324 yake cusawa. Karcewar da faifan kwamfuta zai shanye ba a sani ba, a VCD sai ta fito a fuskar Ali Nuhu.

Ga wani abin haushi da kowa ya lura da shi amma bai san dalili ba. Na'ura daga tsakiyar faifai take fara karatu ta nufi baki. Bakin nan kuwa shi ne inda yatsu ke kamawa, shi ne ya fi karcewa, shi ne ya fi rawa in rana ta lanƙwasa faifan. To ƙarshen fim a can yake. Sai an kai inda asirin kishiya zai tonu, sannan hoto ya sandare.

Idan aka kawo mana aiki, maganar kusan ɗaya ce.

“Malam, na'urar nan da ka taɓa min ta koma gidan jiya.”

“Alhaji, ina faifan da ta ƙi?”

“Yana gida. Ai sabo ne fil, jiya na saya.”

“A aika yaro ya ɗauko shi.”

Ba na kwance ƙusa ko ɗaya sai na ga faifan. In na sa shi a tawa na'urar ya tsaya a daidai wurin da ya tsaya a gidan Alhaji, na'urarsa ta fita daga zargi. In kuwa yau ta tsaya nan, gobe can, kuma kowane faifai haka take masa, to ita ce mara lafiya. Sai in juya faifan in duba cikinsa. Fari mai ƙyallin azurfa galibi bugun masana'anta ne. Mai ɗan kore ko shuɗi kuwa a kwamfuta aka ƙona shi, sau da yawa a guje don a fitar da kwafi da yawa, kuma sinadarinsa ba ya jure rana. Daga nan in ɗaga shi sama in hango fitila ta cikinsa. In haske ya ɓullo ta wasu 'yan hujoji, magana ta ƙare, domin a sidi bayanan suna dab da ƙarƙashin fentin da ke sama ne. Mutane suna ta lallaɓa gefen mai ƙyalli, alhali karcewar bayan ce ke kisa.

Dabarun gida ba su ƙirguwa. Wani ya huce wa faifai ya goge da gefen riga, yana zagayawa da hannu, yana ƙara masa ciwo, tunda karcewar da ta bi layin karatu ta fi kowace ɓarna. Daidai shi ne daga tsakiya zuwa baki, da ƙyalle mai laushi. Man goge baki yana ɗan aiki a kan karce mara zurfi, saboda yana sassaƙe robar kaɗan. Masu wanke faifai da fetur kuwa, Allah Ya shirye su.

In laifin na'ura ne, ido muke fara dubawa, wato ɗan gilashin da haske ke fita ta cikinsa. Ƙurar hunturu da ta gine-ginen Abuja kan rufe shi, auduga da ɗigon sifirit sun wadatar. Wani lokaci moton da ke juya faifai ne ya gaji, wani lokaci kafasita ce ta kumbura saboda wutar Nepa mai hawa da sauka da ƙananan janareta. Akwai wani ɗan maɓalli a jikin idon da wasu abokan sana'a ke murɗawa su ƙara masa ƙarfi. Na'ura ta yi aiki garau a gaban mai ita, ya biya ya tafi, ba da jimawa ba idon ya mutu murus. Wannan ni ban ɗauke shi gyara ba.

Mafi wahalar bayani shi ne faifan da ba shi da karce ko ɗaya, na'ura lafiya lau, amma yana tsayawa. Wannan daga wajen matsawa aka cuce shi. Masu son cusa fim na awa biyu a sidi ɗaya sukan rage yawan bayanan ƙasa da ƙa'ida, ko su bar shi yana hawa yana sauka. Ita kuwa na'ura 'yar ma'ajiyarta ƙarama ce, an gina ta ne a kan bayanai su riƙa zuwa a kan awo ɗaya. Da awon ya sauya sai ta rikice, baki ya riga murya, ko hoto ya tsaya ana jin magana. Abin mamaki, manyan na'urori masu suna su suka fi gardama a kan irin wannan, 'yar Sin mai arha kuwa kusan komai aka ba ta haɗiyewa take.

Da DVD ya yi arha sai abin ya ƙaru. Faifan da aka yi don fim ɗaya na kamar awa biyu, mai gigabayit 4.7, aka koma loda masa fim takwas, goma, har ashirin, kamar tasin Mararaba da yamma. In fim goma ne, kowanne bai samu ko megabayit 500 ba, bai kai rabon VCD guda ba. Da an fara rawa ko faɗa hoton ya watse. Araha ba ta ado, amma ita muka yi ta saye.

Hukumar kare haƙƙin mallaka ta fitar da ƙa'idar masana'antun faifai a 2006, an yi kame-kame, rushe-rushen zamanin ministan Abuja Nasir El-Rufai kuma suka tura jama'a da kasuwarsu bayan gari. Duk wannan bai kashe faifai ba. Waya da memori ne suka gama da shi, masu tura fim suka gaji masu baro, Arewa24 ta zo a 2014, daga baya Izzar So da Labarina suka mayar da 'yan kallo YouTube. Mu ma akasarinmu gyaran waya muka koma.

Abin da ke damuna yanzu, finafinan Hausa da yawa na wancan lokaci, da wa'azuzzuka, da bidiyon bukukuwan aure, a kan waɗannan fayafayai marasa ƙwari suka rage, kuma wanda aka ƙona a kwamfuta yana lalacewa ko ba a taɓa shi ba. Duk wanda ke da jakar fayafayai a ƙarƙashin gado, ya fito da ita ya nemi kwamfutar da ke da wurin sa faifai, a kwafe masa tun ana iya karantawa. A fara da masu kore da shuɗin ciki.