Asalin Yadda Ake Haɗa Kwamfutoci da Rumbun Bayanai

A zamanin da, kowace babbar kwamfuta da nata faifan ajiya, an haɗa su da wata igiya mai kauri da ake kira SCSI, wadda aka kafa ƙa'idarta a Amurka a 1986. Igiyar nan gajera ce, ba ta wuce mita 25, kuma na'urori 8 kaɗai take ɗauka, daga baya 16. In faifan wata kwamfuta ya cika, ba ta da halin aron na maƙwabciyarta, ko da babu komai a cikinsa.

Ana nan, sai a 1988 injiniyoyi suka soma aikin wata sabuwar hanya mai suna Fibre Channel, mai tura bayanai da haske ta zaren gilashi har kilomita 10. Hukumar ANSI mai kafa ƙa'idoji a Amurka ta amince da ita a 1994. Mafi sauƙin haɗi shi ne a ja zare daga kwamfuta zuwa rumbu kai tsaye, amma wannan na na'urori biyu ne kawai. An tanadi akwatin rarraba hanya, wanda kowa zai sa zarensa, sai dai tsada ta hana saye.

To, sai aka ɓullo da zobe. Aka jera na'urori har 126, kowace tana miƙa wa ta gaba. Araha kam akwai, amma ya zama rijiya mai guga ɗaya: biyu ne ke magana, sauran na jiran layi. In aka ƙaro sabon faifai, sai kowa ya dakata a sake rabon adireshi. In na'ura ɗaya ta mutu, zoben ya tsinke, sai da aka yi dabarar tsallake ta.

Da abin ya ishi mutane, aka koma wa akwatin nan. A 1997 kamfanin Brocade na Kalifoniya ya fito da nasa, mai suna SilkWorm. A wannan tsari kowa na iya magana lokaci guda, adireshi kuwa ya kai kusan miliyan 16. Da akwatuna suka yi yawa, aka sa manya a tsakiya, ƙanana a gefe suna karɓar kwamfutoci. Aka kuma riƙa gina hanya biyu, A da B, waɗanda ba sa haɗuwa, don in ɗaya ta lalace aiki ya ci gaba.

Wannan shi ne asalin tsarin da manyan bankuna da kamfanonin sadarwa ke ajiye bayanansu a kai har yau.