Garkuwa a Ƙasar Rano: Daga Fagen Fama Zuwa Kayan Ado

Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a shekarar 1908, ya nuna cewa a zamanin Sarki Yusa, wanda ake kira Tsaraki (1136 zuwa 1194), aka fara amfani da garkuwa a ƙasar Kano, wato kimanin shekara ɗari biyu kafin Sarki Kanajeji (1390 zuwa 1410) ya shigo da lifidi da sulke da kwalkwali. Rano kuwa, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, tana cikin wannan tarihi tun da wuri, domin littafin ya ambaci yadda Sarki Yaji (1349 zuwa 1385) ya kori Sarkin Rano daga Zamna Gaba, kuma ƙasar tana kudancin Kano.

Garkuwa aikin masu fata ce kafin ta zama kayan mayaƙi. A da ana yin ta da fata mai kauri, ta sa ko ta ɓauna ko ta giwa, a jiƙa ta, a kankare gashin, a miƙe ta da turaku a ƙasa har ta bushe ta yi tauri, sannan a yanke ta bisa siffar da ake so, a ɗinka mata mariƙi ta ciki. Wadda ta fi daraja ita ce ta fatar warwaji, wani farin naman daji mai dogayen ƙaho da ke rayuwa a bakin Sahara, wadda fatake kan kawo daga Abzin, saboda ta haɗa rashin nauyi da ƙarfin da ke tare kibiya. Mayaƙa sun bambanta kutufani, babbar garkuwa da ke rufe yawancin jikin mutum, da kunkeli, ƙarama mai zagaye wadda ake sarrafa ta da sauri. Wajen ado kuwa, dukawa, wato masu ɗinkin fata, suna da ja daga karan dafi da baƙi daga kuloko, wanda ake haɗawa da kashin maƙera, kuma da tsinin wuƙa ake tsaga zane a fuskar fatar.

A ƙarni na 19 ne wannan sana'a ta fi muhimmanci ga mutanen Rano da Kibiya, lokacin da Ningawa suka matsa wa kudancin Kano da hare-hare, musamman a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi (1855 zuwa 1882). Makamin da aka fi tsoro a wancan fama shi ne kibiya mai dafi, wadda ko ƙwarzane ta yi tana iya kisa, don haka ran dakare yana hannun wanda ya gyara masa fata, ko da yake mawaƙan yaƙi ba su cika ambaton wannan mai sana'a ba.

Bindigar Turawa ce ta kawo ƙarshen amfanin garkuwa, domin rundunar da ta taso daga Zariya ta fasa ganuwar Bebeji, maƙwabciyar Rano, ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairun 1903, kuma babu fatar da ta iya tare harsashinta. Warwajin ma ya ƙare a daji, kamar yadda aka bayyana a shekarar 2000, sai a 2016 aka fara mayar da shi ƙasar Cadi.

Abin da ya rage shi ne sarautar Garkuwa, da hawan salla, da ƴan tsofaffin makamai a gidan tarihi na Gidan Makama. A Turai da Amurka akwai masu sha'awar ƙera ƙananan garkuwoyi su yi musu fenti, sau da yawa na mayaƙan tatsuniya, alhali nan akwai na gaskiya da ake shirin mantawa. Ƙaramar kutufani mai faɗin tafin hannu, wadda aka yi da guntun fatar sa da launukan gargajiya, ta isa ta koya wa yaro dukkan matakan aikin. Ya kamata Masarautar Rano, wadda ta ƙunshi Rano da Kibiya da Bunkure, ta nemo dattawan dukawa ta haɗa su da makarantun yankin tun suna raye.